Gambo, Auta da Etanol

Idan ɗalibai suka iso babin sinadarai masu kabon, wani malamin kimiyya a wata sakandare da ke Tudun Wadan Zariya ba ya ɗaukar alli tukuna. Tambaya yake jefawa: "Wanda ake kira Gambo, me kuka sani a kansa tun ba ku gan shi ba?"

"Malam, tagwaye ya biyo," in ji ajin. Auta kuwa shi ne ƙarshen haihuwa, Talatu ranar Talata ta zo duniya. Daga nan yake nuna musu cewa sunan sinadari ma labarin mai shi yake ɗauke da shi.

A da, laƙabi kawai ake yi wa sinadarai. Asid ɗin fomik daga sunan tururuwa a Latin ya samo nasa, domin a jikinta aka fara tatso shi. Da sinadarai suka yawaita, laƙabi ya gaza, har masana suka hallara a Janeba a 1892 suka tsara ƙa'ida, wadda ƙungiyar IUPAC, da aka kafa a 1919, ta gada. Farkon suna yana ƙirga kabon: met ɗaya, et biyu, but huɗu. Ƙarshensa yana faɗin dangi: "ol" na dangin barasa ne. Butan da ke cikin tukunyar gas ta girki kabon huɗu ne a jere, kuma sunansa ya riga ya faɗi haka.

Abin da ke ci wa malamin tuwo a ƙwarya shi ne hadda. Yaran nan sun gwanance da ita tun daga makarantar allo, suna iya zubo sunaye goma a jere domin WAEC, amma a ce su zana guda ɗaya sai ido ya raina fata. Da yawansu kuma likitanci ko haɗa magunguna suke buri a Jami'ar Ahmadu Bello.

Shi ya sa yake rubuta metanol da etanol kusa da juna. Harafi ɗaya ya raba su, kabon ɗaya ya raba su. Etanol ne a yawancin man tsaftace hannu da aka saba da shi lokacin korona. Metanol kuwa, in ya shiga ciki, hanta ce ke mayar da shi asid ɗin nan na tururuwa, wanda ke lalata jijiyar gani. A 2015 ya hallaka mutane a Ode-Irele ta Jihar Ondo, cikin barasar gargajiya.

A nan ajin kan yi tsit. Sai malam ya miƙa wa wata ɗaliba ta layin baya alli, ya ce ta zana su duka biyun.