Dokin Kilisa Ko Jakin Kaya: Zaɓen Mota Mai Ƙofa Huɗu

A ƙasar Amurka akwai wani wasan motoci da suke kira otokuros. Fili ake samu mai kwalta, ko wurin ajiye motoci ko filin jirgin sama, a jera 'yan turakun roba masu kama da mazurari a kife, a fitar da hanya mai yawan kwana. Mota ɗai-ɗai take shiga, agogo yana ƙirga mata lokaci. Zagaye guda bai cika wuce minti ɗaya da wani abu ba, wanda kuwa ya ture turke sai a ƙara masa sakan 2. Ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ce jagabar wasan, kuma tun 1973 take shirya gasarsa ta ƙasa baki ɗaya. Da ni za a ce in raɗa masa suna da Hausa, da sai in ce kilisar mota, domin abin da ake gwadawa shi ne yadda mota take jin linzami.

Abin da ya ja hankalina ga wasan shi ne, da yawa daga masu yinsa da motar zuwa aiki suke shiga. Mutum ya sauke tarkace daga but, ya sa hular kwano, ya yi kilisarsa ran Lahadi, ran Litinin kuma ya kai yara makaranta. Ni ɗalibi ne, ko babur ban mallaka ba, amma na san ranar da Allah ya hore mini mota, guda ɗaya ce za ta kasance, kuma da iyali za mu raba ta. To, wace iri ce za ta iya ɗaukar waɗannan ayyuka biyu? Tambayar ba ta wasa ba ce ga mai mota ɗaya, musamman da yake yawancin kamfanonin inshora ba su biyan ɓarnar da aka yi a fagen gasa. In inji ya buga ran Lahadi, da ƙafa za a nemi abinci.

Masu wasan sun fi ƙaunar Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989, saboda rashin nauyinta. Sai dai kujera biyu gare ta, watau ba ta magidanci ba ce. Manyan motocin nan masu tsayi kuwa, waɗanda iyali suka fi jin daɗinsu, dokar wasan ta hana da dama daga cikinsu shiga, don gudun kada su wuntsila a kwana. Saura ke nan 'yan madaidaita masu ƙofa huɗu.

A cikinsu Subaru WRX ce ta fi cika ido. Ta shiga Amurka a samfurin 2002 da ƙarfin doki 227, kuma ƙafafunta huɗu duka suna ja. Amma a fili mai kwana bisa kwana, ina mota za ta sami sararin nuna wannan ƙarfi? Kafin inji ya buɗe murya an taka birki. Ga shan mai, ga tsadar gyara. BMW mai jan baya kuwa akwai daɗin sarrafawa, sai dai wanda ya sayi tsohuwarta ya ƙulla zumunci da bakanike.

A ganina Honda Civic Si mai ƙofa huɗu, wadda aka fara a samfurin 2007, ita ce ta fi kusa da abin da ake nema. Ƙarfinta doki 197 ne, giyar hannu shida, nauyinta kilo 1,300 da 'yan kai. Abin da ya fi muhimmanci kuwa ba a ganinsa daga waje. Ita dai mota mai jan gaba, idan ta shiga kwana da ƙarfi, nauyi yakan koma kan tayar waje, ta ciki ta yi sakayau ta dinga juyawa a banza. A wannan mota an sa wata na'ura tsakanin tayoyin gaba wadda ke mai da ƙarfin inji ga tayar da ta kama ƙasa, don haka direba yana iya taka totur tun bai gama fita kwana ba. A wasan da ake cin nasara da ɓarin sakan, wannan ya fi ƙarin doki talatin. Bayan haka kuma Civic ce kamar kowace, tana ɗaukar mutum biyar da buhun shinkafa.

Mai karatu zai ce, ina Peugeot 504, wadda iyayenmu suka sani? Lalle tana da hakkin a ambace ta. A 1975, shekarar da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Gabashin Afirka da 504 mai ƙofa huɗu. Amma waccan gasa ta juriya ce, dubban kilomitoci cikin ƙura da taɓo. Taushin ƙafar da ya sa 504 take haɗiye gargada, shi ne zai sa ta dinga rangaji tsakanin turaku kamar raƙumi ya ɗauki kaya. Don zuwa ƙauye da damina, har gobe ita zan zaɓa.

Don kilisa kuwa, Civic ɗin zan saya, ko da ta hannu ce, in bar injinta yadda maƙera suka yi shi. Abin da ya rage na kuɗi taya zan saya da shi, saiti biyu: masu taushi masu kama kwalta na ran Lahadi, tun da saurin cinyewa gare su, da kuma na yau da kullum waɗanda za su kai ni ƙarshen shekara.