Saniyar Da Aka Tsallake

A unguwar Karewa ta Jimeta akwai wani saurayi da ya shafe wata uku yana haɗa wasan kwamfuta. Wasan kuwa na kiwo ne: makiyayi ya kora shanu goma zuwa bakin Binuwai, wadda ta ƙoshi da ruwa sai a cire ta daga garke ta koma ruga. Da harshen Lua yake rubutawa, watau harshen da aka ƙirƙiro a wata jami'a ta Rio de Janeiro, ƙasar Barazil, a shekarar 1993, wanda daga gare shi aka samo harshen wasannin Roblox.

Ya jera shanun, kowace da lambarta daga 1 zuwa 10, domin Lua daga 1 yake fara ƙidaya, ba daga 0 ba kamar yawancin harsunan kwamfuta. Ya umurci na'urar ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta cire wadda ta ƙoshi. Amma kullum sai a bar waɗansu tsaye a bakin kogi, alhali kuwa sun ƙoshi. Kwana huɗu yana fama, har ya yi niyyar sayar da kwamfutar, wadda ya yi shekara yana tara kuɗinta.

Ran nan da safe mahaifiyarsa ta aike shi famfo. Jarkoki na jere a layi, wani yaro yana ƙirga su da yatsa. Yana kan ta uku sai mai ita ya ɗauke, ta huɗu ta matso gurbinta. Yaron ya ci gaba zuwa gurbi na huɗu, ya tarar da ta biyar. Ashe an tsallake ɗaya, ba wanda ya lura!

Nan take saurayin ya gane. A Lua, in an cire abu daga jeri, duk na bayansa sai su matso gaba, ƙidaya kuwa ba ta waiwaye. Ya koma gida, ya juya umurnin ya fara daga 10 ya gangaro zuwa 1. Ta haka waɗanda ke matsowa an riga an duba su. Shanu duka suka koma ruga.

Da ya ba mahaifiyarsa labari, sai ta ce, "To, ka ga, ɗan nan, haka ake yi wa mutane wajen rabon taki. Mai kiran suna yana gaba, wanda aka tsallake yana tsaye a rana." Kwamfutar dai tana nan, bai sayar ba.