Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Ana tsakiyar marka, saura kwana biyu ɗaurin aure, injin busar da tufafi na wani mai wanki a Faskari ya ƙi tashi, alhali kuwa fitilarsa na ci. Ga rigunan ango jiƙe, ga rana ta ƙi leƙowa. Ya yi ta zargin ƙarancin wuta har mai gyara ya iso daga Funtuwa. Da fari ya cire filogi, ya gwada makunnin ƙofa, lafiya lau. Sa'an nan ya tarar fis ɗin zafi ya ƙone, domin burbushin zare ya toshe bututun iska.

"Malam, zan sauya fis," in ji shi, "amma in ba ka share bututun nan ba, gobe ma sai ka neme ni."

Ango dai ya sa babbar rigarsa a bushe.