Allon Madannai da Haruffa Masu Ƙugiya

Duk wanda zai sayi kayan aiki, abu na farko da ya kamata ya tambayi kansa shi ne irin aikin da zai yi da su. Ni aikina koyar da Hausa ne, kuma yawancin darussan da nake shirya wa ɗalibaina a kan ƙaramar kwamfutar hannu nake rubuta su, wato wadda ake kira tabulet. Ba ta da nauyi, nakan saka ta a jaka in tafi ɗakin karatu na unguwarmu, Glenwood, da ke kudu da Jami'ar North Carolina ta Greensboro. Amma dogon rubutu a kan gilashi yana gajiyar da yatsu, saboda haka na nemi allon madannai da zan haɗa da ita.

Masu sayarwa sukan yi maganar nauyi, da ƙarfin batir, da taushin maɓallai, da yadda allon yake haɗuwa da kwamfuta ta Bluetooth. Duk waɗannan suna da amfani, sai dai tawa tambayar daban ce: zan iya buga ɓ, ɗ da ƙ da shi?

Mai koyon Hausa ya san dalilin wannan tambaya. Idan ɗalibi ya rubuta "na ƙare aikina", ya gama ke nan. Idan kuwa ya rubuta "na kare aikina", to, kariya ya ba shi. Haka "baƙi" da "baki", "ƙafa" da "kafa", "ɗaka" da "daka". Bahaushe zai iya karanta saƙon da aka zubar wa ƙugiyoyi, domin kunnensa ya riga ya san kalmomin, shi ya sa mutane da yawa ba sa damuwa da su a saƙon waya. Baƙon harshe ba shi da wannan gata. Abin da idonsa ya gani a takardar malami, shi bakinsa zai furta, kuma karin da harshe ya saba da shi yana da wuyar gyarawa.

Matsalar ta girmi kwamfuta. Tsarin QWERTY da ke kan madannai a Amurka ya samo asali ne daga keken rubutun da Christopher Sholes ya ƙirƙiro, wanda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874 domin masu rubuta Turanci. Haruffa masu ƙugiya kuwa sun zauna a rubutun boko ne a shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East yake jagorantar aikin talifi a Zariya, inda aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Shekaru da dama bayan haka, akawu yakan buga k a keken rubutu, sannan ya ɗauki alƙalami ya lanƙwasa mata kai da hannu. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane ɗaya daga cikin haruffan nan lambarsa, ta yadda kwamfuta za ta gane shi a ko'ina. Duk da haka, ba a buga su a jikin yawancin madannan da ke kasuwa ba.

A nan ne mai saye zai lura da wani abu: harafin da ke fitowa ba daga rubutun jikin maɓalli yake zuwa ba, manhaja ce take fassara kowace dannawa. Madannan gilashi irin su Gboard suna da Hausa, amma da zarar an haɗa allon waje, lamarin yakan canza. A kan iPad, madannan da aka sauko da su daga intanet a gilashi kawai suke aiki. A kan Android kuwa, manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, wadda kyauta ce, tana aiki har da allon waje. Wannan ne ya yanke mini shawara. Da yake boko ba ya amfani da q, v da x, sai na ba ƙ gurbin q, ɓ gurbin v, ɗ kuma gurbin x. Cikin mako biyu yatsuna suka saba.

Zama a Greensboro ya ƙara koya mini wani abu. Garin yana da 'yan Nijar masu yawa, kuma wanda ya yi makaranta a Maraɗi ko Damagaram ya saba da tsarin AZERTY na Faransanci, inda a take a gurbin q. Har ila yau, a Nijar ƴ ake rubutawa, a Nijeriya kuma 'y: su "ƴaƴa", mu "'ya'ya". Saboda haka na tanadi maɓalli domin ƴ, don in iya shirya wa ɗalibai rubutun ƙasashen biyu.

Sauran kayan ba su da yawa. Na sayi alƙalamin rubutu a gilashi, domin da shi nake ɗora alamomin karin sauti da tsawon wasali a kan kalmomi, da shi kuma nake nuna ajami daga dama zuwa hagu. Na sayi murfi mai matokari, don fuskar kwamfutar ta tsaya daidai da ido, sai abin sauraro mai makirufo, domin ɗalibin da ke nesa ya ji bambancin d da ɗ sarai.

Shawarata ga ɗalibi ita ce, tun ran gini, tun ran zane. Kafin ka biya kuɗi, ka haɗa allon da kwamfutarka, ka buga wannan jimla: "Ɓarawo ya ɗauke ƙwarya." Ka gwada manyan haruffa da ƙanana, ka aika wa wani ya duba ko sun isa gare shi lafiya. In sun fito, to, ka sami abokin aiki. In ba su fito ba, ka ajiye shi komai kyansa, ka nemi wani.