Gilashin da ya daɗe a jakata

Na fara ɗaukar hoto tun zamanin fim mai hoto 36, lokacin da sai an kai wanki kafin ka san ko ango ya rufe ido. Shi ya sa da yaron da na koya wa aiki ya zo da wayarsa yana nuna mini Sony A1, Canon R5 da Nikon Z8, ya ce, "Baba, wacce zan saya?", sai na tambaye shi aikin da ke ciyar da shi. Ya ce biki: kamu, ɗaurin aure, da bidiyon dina da dare.

Na ce masa ya fara da zafin garinmu. R5 ta fito a 2020 da megafiksel 45 da bidiyon 8K, amma a farkon fitowarta takan yi zafi ta tsayar da ɗauka, har kamfanin ya fito da R5 C mai fanka a 2022. Wanda zai tsaya a rana a watan Afrilu a Kano dole ya auna wannan. Ga kuma ƙurar hunturu. Waɗannan kyamarori ba su da madubi, don haka da ka cire gilashi sensa a fili take. Z8 tana da marufin da ke kare sensar, R5 ma tana rufe tata idan an kashe ta.

Yawan megafiksel ba ya ruɗa ni. Sony A7S III tana da 12 kacal, amma a zauren biki mai ƙarancin haske tana fitar da fuskar amarya tas. Abin da ba na sassauci a kansa shi ne ramin memori biyu. Memori ya taɓa mutuwa a hannuna da kamun wata yarinya gaba ɗaya a ciki. Mahaifiyarta ba ta yi mini faɗa ba, kallona kawai ta yi, kuma har yau ina jin nauyin kallon nan.

Sai muka zo kan gilashi, inda kuɗin gaske yake. Na sauya kyamara sau da yawa, amma gilashina na 70-200 yana tare da ni fiye da shekara goma sha biyar. Kowane kamfani da bakin gilashinsa: Sony na da E, Canon na da RF, Nikon na da Z. Duk gidan da ka shiga, can za ka zauna.

Tsoffin gilasanmu na Canon ne, kuma da adafta suna hawa RF lafiya lau. Don haka yaron ya tsaya a Canon, amma ya haƙura da R5, ya sayi R6 Mark II, ragowar kuɗin ya sa a batir da fitila. Ranar da ya kawo ta, na buɗe jakata na miƙa masa 70-200 ɗin. Hannuna ya fara rawa, ba na iya riƙe shi wuni guda kamar da.