Ashe Kashin Yawo Ma Baƙo Ne

A hutun da ya wuce na je taya kawuna aikin gona a ƙauyenmu da ke kusa da Ogbomoso. Ina cikin noman masara sai wata ƙaya ta soke ni a dunduniya. Kawu ya ce da Yarabanci sunanta dagunro. Wani Bahaushe ɗan ƙwadago da ke aiki tare da mu ya duba ya ce, "Ai kashin yawo ne, ɗan makaranta." Kunya ta kama ni, domin shekarata uku ina karatun Hausa amma ban taɓa jin wannan suna ba.

Da na koma makaranta sai na shiga laburare don in san ko mene ne shi. Abin mamaki, ashe asalinsa daga Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya ne. 'Ya'yansa suna da ƙugiya, su maƙale a gashin dabbobi da tufafin mutane, a yi ta yawo da su. Lallai Bahaushe ya iya raɗa suna.

Na kuma gano cewa danginsu ɗaya da shuwaka da ciyayin nan masu ƙaya da Turawa ke kira tisil. Akwai wanda ake ce wa tisil ɗin Kanada, alhali asalinsa Turai da Asiya ne, daga baya ya tsallaka teku ya addabi manoman Amurka ta Arewa. Akwai mai ganye kamar mashi, ɗan Turai da yammacin Asiya da arewacin Afirka, wanda ya kai har Ostareliya. Akwai kuma mai farin zane a ganye kamar an zuba masa madara, shi daga yankin Bahar Rum ya fito. Ita kuwa ƙarangiyar da muka sani 'yar gida ce, amma dangin ciyawa ce, ba nasu ba.

'Yan uwana ɗalibai, sau da yawa ana tambayata, "Me ya haɗa Bayarabe da karatun Hausa?" A da tambayar takan sa jikina ya yi sanyi. Yanzu nakan tuna cewa manomi bai tambayi kashin yawo garinsu ba kafin ya ba shi suna. Ba na fatan in zama ƙaya a gonar kowa, amma idan harshen Hausa ya karɓi wannan baƙo, ina ganin ni ma ba zan rasa wurin zama ba.