Golmon Haske

A ƙasar Zuru, al'adar Dakarkari ce saurayi ya yi golmo, wato ya shekara bakwai yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Da wannan al'ada ce wani saurayi ɗan garin ya kafa hujja, ran da ya gaya wa mahaifinsa, tsohon soja, cewa bayan digirinsa na Fiziks a Sakkwato zai wuce ƙasar waje ya yi bincike a kan leza.

Tsohon ya ce, "Ƙannenka huɗu albashinka suke jira. Shi wannan haske cinsa ake yi?"

Yaron ya sunkuyar da kai, sa'an nan ya ce, "Baba, leza haske ne mai launi guda, wanda ke tafiya a miƙe ba ya warwatsuwa. Irin wanda zan nazarta yana fitowa ne daga 'yar ƙwayar semikondakta da ba ta kai ƙwayar gero ba, in lantarki ya ratsa ta. Shi ke ɗaukar saƙonnin waya cikin zaren gilashi a ƙarƙashin teku."

Ya ƙara da cewa masu wannan aiki su ma golmo suka yi. A 1962 Robert Hall ya ƙera ta farko a Amurka, amma sai an sanyaya ta ƙwarai take ƙyaftawa. Sai a 1970 Zhores Alferov da abokan aikinsa a Rasha suka sami wadda ke ci ba yankewa cikin ɗumin ɗaki, bai kuwa karɓi kyautar Nobel ba sai a 2000.

Abin da ya ɓoye shi ne tsoron da ke cinsa. Binciken na bukatar ɗaki marar ƙura da lantarki marar ɗaukewa, saboda haka wanda ya tafi da wuya ya dawo. Duk da haka yakan tuna Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya ƙware a Faransa, ya koma Nijar a 1969 ya shugabanci binciken hasken rana, har yau jami'ar Yamai na ɗauke da sunansa.

Tsohon ya daɗe shiru yana kallon rumbunsa. Can ya nisa ya ce, "To, je ka, Allah ya ba da sa'a. Amma ka sani, mai golmo ba ya tarewa a gonar suruki. Gida yake kawo amarya."